Ɗingishin Giwa: Hoton Ƙashi da Kalmominsa

Mai sayen tukunya a Ushafa, ƙauyen maginan tukwane na yankin Bwari, ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ta. In da tsaga a ɓoye, ƙarar za ta tona. Shi ma maɗori da hannu yake lalubo inda ƙashi ya taɓu. To, yaya ke nan in giwa ce, wadda toronta kan kai tan 6, ga kaurin fata ga tarin tsoka? Wannan darasi zai duba aikin hoton ƙashi, wato eksire, a ƙafar giwa, da kalmomin da mai fassara zai bukata.

Bajamushe Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske a 1895. Yana ratsa nama, ƙashi kuwa ya tare mafi yawansa, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto. Giwar daji, irin ta Yankari, ba ta tsayawa a ɗauke ta sai an sa ta barci, kuma hakan na da haɗari ga dabba mai wannan nauyi. Ta gidan zu kuwa horar da ita ake yi ta ɗora ƙafa bisa kututture, a kawo na'urar kusa. Ƙasan ƙafa kan fito sarai. Cinya da kafaɗa kuwa kauri kan hana.

A nan ne aikinmu yake. "Ɗingishi" alama ce kawai, ba sunan cuta ba. Hoton ne zai raba karaya da tsagewar ƙashi, ya raba gocewa, inda ƙashi ya bar mazauninsa, da gwame, inda ƙafar ta taso a karkace. Targaɗe kuwa ciwon jijiya ne, sau da yawa hoton ba ya nuna komai. Akwai kuma ruɓar ƙashin yatsa, wadda kan fara daga tsagewar farce a giwar da ta daɗe tsaye kan siminti. Wanda ya tattara waɗannan duka ya kira su "gurguntaka" ya ɓatar da mai karatu.

Hoton kan gyara mana kuskure ma. Abin da muke kira gwiwa a ƙafar gaba, wuyan hannu ne a tsarin ƙashi. Kuma giwa bisa yatsunta biyar take tafiya, da matashin kitse a bayansu. A 2011 John Hutchinson da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa cikin kitsen akwai wani guringuntsi mai komawa ƙashi, yana aiki kamar yatsa na shida.

A kula da "tundurmi". Na taɓa ganin ɗalibi ya sa ta cikin cututtukan giwa, don sunanta na Turanci daga giwa aka samo shi. Cutar mutane ce, sauro ke yaɗa ta. Kumburin ne kawai ya yi kama da ƙafar giwa.