Burtalin Namun Daji

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da tambaya: tun da an killace wa namun daji gandu, me ya kawo maganar bar musu hanya a cikin tsarin gari?

To Malam, mun gode. Kai da ka san burtali, amsar ba za ta yi maka wuya ba. Idan gonaki suka cinye burtali, shanu ba su isa mashaya. Haka abin yake ga namun daji.

Mu leƙa Kenya. Gandun dajin Nairobi, wanda aka kafa a 1946, faɗinsa murabba'in kilomita 117 ne kacal, yana manne da babban birnin ƙasar. An kewaye shi da shinge ta fuska uku, aka bar kudu a buɗe. Ta nan jakunan dawa da barewa ke tsallaka kogin Mbagathi su bazu a filayen Kitengela da damina, in rani ya yi su dawo neman ruwa, zakoki na biye da su.

Da gari ya tumbatsa, sai aka shiga yanka filayen fuloti-fuloti, kowa na jan waya. Hanya ta yi ta ƙuntata, garkunan da ke kai da komowa suka ragu ƙwarai. Abin yana da ciwo, domin dabbar da aka tsare a gandu, danginta kaɗai za ta yi ta haihuwa da su.

Daga shekarar 2000 aka fara biyan makiyayan Masai kuɗin haya don su bar filayensu babu shinge. Daga baya mutanen yankin da ƙaramar hukumarsu suka zana taswirar amfani da ƙasa, suka ware inda za a yi gini da inda za a bar wa kiwo da namun daji.