Amsoshin Tambayoyinku: Bashin Karatu da Koyon Ingilishi

Malam Sani daga Abeji, birnin Lome, ya aiko da wasiƙa cewa ya kammala Jami'ar Lome da bashin dangi a wuyansa, yana tambaya ko ya ƙara cin bashi domin koyon Ingilishi.

Malam Sani, haƙiƙa Ingilishi yana da fa'ida, musamman tun da Togo ta shiga ƙungiyar Kwamanwel a 2022. Amma wanda Allah ya zaunar a Lome, inda iyakar Gana take a bakin gari, kuma fataken Gana da Najeriya suke kai da komo a kasuwar Asigame, ba sai da bashi zai sami masu koya masa ba. Bashi amana ne, Malam. Ka fara sauke na dangi, ko da kaɗan-kaɗan ne, Ingilishi kuwa ka neme shi a kasuwa da rediyo.