Darasi: Yadda Ake Auna Manhajar Tsara Aiki Kafin a Ɗauka

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi maigidan da ke da mutum huɗu ko shida ko goma a ƙarƙashinsa, ga yaron shago, ga mai sito, ga akawu, ga direba, ga kuma dillali a wata kasuwa, kowa da abin da aka sa shi, amma maigida shi kaɗai ke riƙe da lissafin a ka. Ran da ya kwanta zazzaɓi, ko ya yi tafiya, sai aiki ya tsaya cik, ko kuwa a yi shi sau biyu. Domin irin wannan aka yi abin da ake kira manhajar tsara aiki, watau allo ne a intanet wanda kowane ɗayanku zai buɗe a wayarsa ya ga aikin da ke kansa, da ranar da ake so ya gama, da inda sauran suka kwana.

Bari mu ɗauki misali guda mu riƙe shi har ƙarshe. A ce Alhaji ya sami mai sayen riɗi buhu 300 a Ikko, an ba da kafin alƙalami, an yanka rana. To, aikin nan kashi-kashi ne. Sai an tara riɗin a Dawanau, a auna, a kai inji a gyara, a sake zubawa a buhu, a ɗinke, a nemo mota, a yi lodi, a sallami 'yan dako, a ba dillali la'adarsa, sa'an nan a bi mota da waya har ta sauke. Yawancinku a zauren WhatsApp kuke yin wannan, kuma ba laifi, yana tafiya. Amma fa kun san halinsa. Saƙon da aka turo ranar Litinin cewa buhu 40 sun jiƙe, kafin Laraba ya nutse ƙarƙashin gaisuwa da hoton biki da muryar wane mai minti bakwai. Ran da aka zo neman wanda aka ce ya kira direba, kowa ya ce shi bai gani ba.

Manhajar da ta fi sauƙi a cikin irin waɗannan ita ce Trello. Wani kamfani ne na birnin New York, Fog Creek, ya fito da ita a 2011, sa'an nan a 2017 kamfanin Atlassian na ƙasar Ostireliya ya saye ta a kan dala miliyan 425. Tsarinta shi ne allo guda, a raba shi layi-layi, kowane aiki a rubuta shi a kati. A namu misalin sai a yi layin "za a yi", da "ana yi", da "an gama", ko kuwa a bi sunan matakan, watau saye, gyara, lodi, hanya, sauke. Katin da aka rubuta "buhu 100 na farko" yana tashi daga layin saye ya koma layin gyara da zarar an kai shi inji, da sunan mai kula da shi a jiki, da hoton rasit a maƙale. Dabarar ba sabuwa ba ce. A masana'antar motoci ta Toyota a Japan aka raya ta a shekarun 1950, suna kiranta kanban, kuma Taiichi Ohno wanda ya jagorance ta daga manyan kantunan Amurka ya ɗauko tunanin, inda ba a cika kanta sai da gwargwadon abin da masu saye suka kwashe. Ashe ma daga wajen 'yan kasuwa abin ya fito, ya zagaya ya dawo mana.

Akwai Asana, wadda Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, ya kafa tare da Justin Rosenstein a 2008. Ita ta fi ƙarfi wajen jera ayyuka da ranaku, da nuna cewa aiki kaza ba zai fara ba sai an gama kaza. Akwai Basecamp ta birnin Chicago tun 2004, wadda ta haɗa wurin sanarwa da jerin ayyuka da hira da ajiyar takardu wuri guda. Akwai monday.com ta Isra'ila, mai kama da babban kundin akawu mai launi-launi. Jira kuwa, ita ma ta Atlassian ce, amma ta masu rubuta manhaja ce, ɗan kasuwa ba ruwansa da ita. Sunayen suna da yawa, kuma kowane kamfani yana yabon hajarsa kamar yadda kuke yabon taku. Saboda haka abin da ya dace a koya shi ne awo, tun da ba a cinikin biri a sama.

Awo na fari a kan mutanenka ne. Kada Alhaji ya ba ɗansa mai digiri manhajar ya gwada, ya zo ya ce tana da kyau. Shi komai yana da kyau a wajensa. A ba wanda ya fi kowa ƙarancin boko a cikin ayarin, mai sito ko direba, a nuna masa sau biyu, a bar shi. In ya iya buɗe katinsa, ya ɗora hoto, ya matsar da shi zuwa layi na gaba ba tare da ya kira kowa ba, to an sami abin aiki. In kuwa ya kasa, kome kyan manhajar, cikin mako biyu za a koma WhatsApp, a bar akawu shi kaɗai yana cika allo yana yi wa kansa rahoto. Umarnin waɗannan manhajoji da Turanci yake zuwa, a yawancinsu akwai kuma Faransanci domin mutanenmu na Maraɗi da Damagaram, amma abin da za ka rubuta a cikin kati naka ne, ka rubuta da Hausa. Masu ajami su gwada tun ran farko, su ga ko rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu yadda ya kamata, musamman in an cuɗa shi da lambobi, domin a nan ne layi kan rikice, 35 ta koma wani wuri dabam da sunan kayan. Kuma allon rubutun Larabci na waya ba kasafai yake da haruffan da muka ƙara domin Hausa ba. Wanda ya ga wahala sai ya rubuta a takarda da hannunsa yadda ya saba, ya ɗauki hoto ya maƙala a katin. Ya wadatar.

Na biyu sabis. Ku gwada a cikin sito, bayan buhuna, inda waya ke nuna sanda ɗaya, ba a falon gida ba. Manhajar Trello ta waya tana barin mutum ya duba allon da ya riga ya buɗe, ya yi gyara ko babu sabis, in ya dawo sai ta aika. A kowace manhaja a gwada wannan da gangan: a kashe data, a rubuta kati, a kunna, a duba wayar wani ko ya iso. Ba wasa ba ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi na maƙwabta, aka yi makonni. Ran 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa duk suka ji a jika. Wanda duk lissafinsa yana sama, ba shi da kwafi a ƙasa, a irin wannan rana sai ya zauna ya yi tagumi.

To, sai maganar kuɗi, kuma a nan nake so a natsu, domin a nan ake yanka mutane. Kusan dukansu suna da tsarin kyauta, amma ku ɗauke shi kamar ɗanɗanon da mai kilishi ke miƙo maka. Mai shi yana iya rage shi duk ran da ya ga dama. Trello ta daɗe tana barin mutane ko nawa ne a kyauta, sai a 2024 ta ce wurin aiki na kyauta ba zai wuce mutum 10 ba. Ga ayarin mutum shida wannan bai taɓa su ba, amma mai mutum goma sha biyu sai ya rage ko ya biya.

Biyan kuwa yawanci bisa kai ne, kowane mutum kowane wata, da dala. Mu yi lissafi. A ce dala 5 ce kan mutum guda, ku shida ne, watau dala 30 a wata, dala 360 a shekara. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da canjin hukuma ke wajen naira 460, wannan ya kama naira 165,600. Da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, wannan dala 360 ɗin ta zama naira 540,000, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. Saboda haka mai lissafi ya yi shi da canjin ranar, sa'an nan ya ɗora wani abu a kai domin gobe. Mutanen Nijar da Kamaru sun ɗan fi mu kwanciyar hankali ta nan, tun da sefa a ɗaure take da yuro. A kuma karanta da kyau, domin farashin da suke rubutawa da manyan baƙaƙe na wanda ya biya shekara guda a dunƙule ne, mai biyan wata-wata nasa ya fi tsada. Wasu kuma, kamar monday.com, ba su sayar da kujera ɗai-ɗai, daga uku suke farawa su yi ta hawa a dunƙule, sai ka biya wa kujerar da babu mai zama. Basecamp ta shekara da shekaru tana karɓar dala 99 a wata ko ku nawa ne, daga baya ta sauya tsari. Irin wannan kuɗin-goro yana da riba ga mai mutum talatin, ga mai mutum biyar kuwa asara ce. Har wa yau a tabbata katin banki zai biya, domin a 2022 da 2023 bankunan Nijeriya da dama sun hana biyan dala da katin naira, sai a 2025 wasu suka buɗe.

Sa'an nan sirrin ciniki. Dillali mutumin kirki ne, ni ma na ci la'ada, amma ba shi da hurumin ganin nawa ka sayi kaya a ƙauye, kamar yadda mai saye a Ikko ba shi da hurumin ganin nawa ka ba dillali. A allon Trello, duk wanda aka shigar yana ganin katunan da ke allon baki ɗaya. Maganinsa a yi allo biyu, ɗaya na aiki wanda kowa ke ciki, ɗaya na kuɗi daga maigida sai akawu. A kowace manhaja a tambaya ko ana iya shigar da baƙo ya ga abu guda kawai, kuma ko shi ma za a biya masa. A duba kuma kada allon ya zamana a buɗe ga duniya, domin akwai wurin zaɓar hakan, kuma allon da aka bari a buɗe Google na iya kawo shi ga kowa.

Wani abu ya taɓa samuna da nake so ya zama izina. Shekarun baya na sa wani yarona mai wayo ya buɗe mana irin wannan allo, ya buɗe da adireshin imel nasa da lambar wayarsa, ni ban kula ba tun da aiki na tafiya. Da muka rabu, ba ma da faɗa ba, ya koma garinsu ya sauya layi, sai ga shi ba mai ikon shigar da sabon mutum ko fitar da tsoho sai shi. Sunayen masu saye, da ranakun lodi na kusan shekara biyu, duk suna hannun wanda ba ya tare da mu. Sai da na aika har gida. Tun daga ranar, imel ɗin maigida ake buɗewa da shi, kalmar sirri tana wajensa, a kuma naɗa mutum na biyu amintacce mai iko irin nasa saboda halin rai. Yaron da ya bar aiki a cire shi a ranar, kamar yadda ake karɓe mabuɗin sito.

Kamfanin ma kansa yana iya tashi. Wunderlist manhaja ce ta jerin ayyuka daga Jamus wadda miliyoyin mutane suka dogara da ita, Microsoft ta saye ta a 2015, ta rufe ta a watan Mayu na 2020. An ba da sanarwa, waɗanda suka kwashe kayansu sun tsira. Don haka kafin ka zuba komai, nemi ƙofar fita, watau wurin da ake sauke bayanai a kwamfuta, ka gwada ka ga ko abin da ya sauko yana buɗuwa a Excel ko Google Sheets. A wasu manhajojin sai mai biya ke samun irin wannan. Amma kada wannan ya sa a ce takarda ta fi aminci. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 sun san littafin bashi yana ƙonewa tare da kaya. A riƙe biyun.

A nawa ganin, ayarin da bai kai mutum goma ba, mai aiki irin na lodin riɗin nan, ya fara da allon kati na kyauta, ko ma shafin Google Sheets guda in akawu ya iya shi. Asana ta fi dacewa da mai kwangila, kamar mai ginin rumfuna ko mai kai abinci makarantu, inda jinkirin aiki ɗaya ke tsayar da biyar. Ko wacce aka ɗauka, ba littafin bashi ba ce, ba ta lissafa riba, wannan aikin akawu ne da kundinsa.

Gwajin kuwa a yi shi da lodi guda, daga saye har saukewa, littafin takarda yana tafiya a gefe yadda aka saba. Maigida ya kafa doka ɗaya, cewa aikin da ba a rubuta a kati ba, ba a sa kowa ba, kuma shi ya fara bin ta, ya daina ba da umarni ta murya da tsakar dare. Ran da mota ta sauke a Ikko, a zauna a ƙirga sau nawa aka kira waya ana tambayar "ina aka kwana", a gwama da lodin da ya gabata, a kuma tambayi direba data ta nawa ya sa a tafiyar.