HAƊARIN AIKA TSUNTSAYE MASU RAI TA GIDAN WAYA

Kiwon tsuntsu don sha'awa tsohon abu ne a ƙasar nan. Da wuya a ratsa unguwa ba a ga ɗakin tattabaru a bayan wani gida ba, ko kanari yana rera kuka cikin keji a ƙofar shagon tela, ko kuwa aku a zauren wani attajiri yana kwaikwayon sallamar baƙi. A da, cinikin irin waɗannan tsuntsaye ido da ido ake yin sa. Mai saye ya je kasuwa, ya ɗaga tsuntsu, ya duba idonsa da gashinsa, ya biya, ya rungumi abinsa zuwa gida. Yanzu kuwa ciniki ya koma intanet. Mutum yana zaune a Kano sai ya ga hoton wata tattabara a Ikko, ko ma a wata ƙasa, ya yi sha'awa, ya tura kuɗi. Daga nan sai maganar yadda tsuntsun zai iso ta taso, sau da yawa kuma shawarar da ake yankewa ita ce a sa shi cikin kwali, a huhhuda, a ɗaure, a miƙa wa gidan waya ko wani kamfanin kai saƙo kamar sauran ƙunshi.

An shirya wannan bayani ne domin jama'a su san abin da ke samun tsuntsu tun daga lokacin da aka rufe kwalin nan, da abin da zai iya biyo shi zuwa gidan wanda ya karɓa.

Asalin Al'adar

Masu wannan ciniki sukan kafa hujja da ƙasar Amurka, su ce ai can ma ana yi. Gaskiya ne ana yi, amma ya kamata a san iyakarsa. Tun shekarar 1918 gidan wayar Amurka ya fara karɓar 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa yana kai wa manoma a ƙauyuka, kuma har yau bai daina ba. Sharaɗin shi ne kada ɗan tsakon ya wuce awa 24 da fitowa daga ƙwai lokacin da aka kawo shi, kuma ya isa hannun mai shi kafin cikar awa 72 da ƙyanƙyasarsa.

Wannan ƙa'ida ta awa 72 ba a banza aka sa ta ba. Gab da ɗan tsako zai fasa ƙwai, sai cikinsa ya janye sauran gwaiduwar da ta rage, ya fito da ita a matsayin guzuri. Da ita yake rayuwa har wajen kwana uku ko da bai ci ba bai sha ba. Wato Allah ya riga ya ɗaure masa guzurin tafiya tun kafin ya zo duniya. Kanari ko aku ko tsirya da ya riga ya girma ba shi da wannan gata. Abin da ya ci da safe shi ne jarinsa, in ya ƙare, sai jikinsa ya shiga cin kansa.

Manyan tsuntsaye ma, irin su tattabaru da kaji da agwagi, gidan wayar Amurka yakan karɓe su, amma cikin ƙasar kaɗai, ta hanyar saƙo mafi sauri, cikin akwati na musamman da aka amince da shi. Dole nauyin tsuntsun ya haura oza 6, wato wajen giram 170, alhali kuwa kanari bai fi giram 20 ko 25 ba. Akwai kuma wani sharaɗi da ya isa ya sa mai tunani ya dakata: dole tsuntsun ya zama zai iya jure tafiyar ba ci ba sha, domin ruwa da tsabar da ke zuba suna ɓata akwati da wasiƙun jama'a da injunan aiki. A nan za a gane cewa lafiyar wasiƙa ita ce gaba a tsarin gidan waya, haka kuma ya kamata, tunda don wasiƙa aka kafa shi.

Duk da shekaru fiye da ɗari na ƙwarewa, abin yakan ɓaci. A shekarar 2020, lokacin da aka sami jinkirin kai saƙo a Amurka, manoman jihar Maine sun karɓi 'yan tsaki aƙalla 4,800 matattu cikin akwatunansu. A watan Mayu na 2025 kuma aka tarar da wajen 'yan tsaki 12,000 da aka bari cikin motar gidan waya har kwana uku a jihar Delaware, dubbai daga cikinsu sun riga sun mutu. To, in haka ta sami masu guzuri a ciki, a ƙasar da ta yi wa abin tanadi, ina ga ɗan kanari shi kaɗai cikin kwalin sabulu?

Yadda Jikin Tsuntsu Yake

Jikin tsuntsu ya fi na ɗan Adam zafi. Na mutum digiri 37 ne a ma'aunin santigired, na tsuntsu kuwa yakan kai 40 zuwa 42. Kafin jiki ya riƙe irin wannan zafi sai da abinci a kai a kai, kamar murhun da ake yi wa ƙarin itace ba ƙaƙƙautawa. Gwargwadon ƙanƙantar tsuntsu, gwargwadon saurin cinye abin da ke cikinsa. Shi ya sa ƙaramin tsuntsu yake yini yana tsattsaga, kuma yunwar kwana ɗaya ko biyu tana iya kashe shi. Ko an zuba masa gero cikin kwalin ma ba lalle ya amfane shi ba, don yawancin tsuntsayen keji ba sa cin abinci cikin duhu, balle ga tsoro ga girgiza.

Sa'an nan tsuntsu ba ya gumi. In zafi ya dame shi, sai ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai domin iska ta ratsa. Cikin rufaffen kwali hakin nan ƙara ƙona ruwan jikinsa yake yi, iskar da zai samu kuwa ita ce dai mai zafin da ya fitar. Duk wanda ya taɓa buɗe bayan motar kaya da ta yini a rana cikin watan Afrilu ya san abin da ake nufi. Sanyi ma haka. Kamfanonin ƙyanƙyasa sukan ƙi aika 'yan tsaki kaɗan, sai da yawa a akwati ɗaya, don su riƙa ɗumama juna. Tsuntsun sha'awa kuwa galibi shi kaɗai ake aikawa.

Numfashinsa ma daban ne. Ban da huhu, yana da wasu jakunkunan iska a jikinsa waɗanda ke sa iska ta riƙa bi ta huhun ba tsayawa. Wannan ne ke ba shi ƙarfin tashi, shi ne kuma ke sa gurɓatacciyar iska ta kama shi nan da nan. Saboda haka ne masu haƙar kwal a Ingila suka daɗe suna shiga rami da kanari, in ya faɗi daga kan sandarsa su san iskar ta lalace, su fito da gudu. Sai a 1986 aka daina. Halittar da aka zaɓa don ta riga mutum jin guba, ita ce ake son a tura cikin hayaƙin mota tare da turare da fenti da magunguna.

Ƙari a kan wannan, ƙunshi a hanya jefa shi ake yi, a ɗora masa wani, a kife shi. Ramukan da aka huda sai wani buhu ya toshe su. Ƙashin tsuntsu marar kauri ne, in ya firgita ya shiga bugun bangon kwali sai fiffike ko ƙafa ta karye. Ba kuwa laifin ma'aikaci ba ne, musamman in mai aikawa ya ɓoye abin da ke ciki don gudun kada a ƙi karɓa. In kuma saƙon ya iso ranar Juma'a da yamma, ko ya ci karo da hutun salla, sai ya kwana a sito har ranar aiki.

Cutar Da Ke Biyo Kwali

Hasarar tsuntsu da kuɗin da aka biya ita ce ƙaramar hasara. Babbar ita ce wadda ke zuwa tare da tsuntsun da ya iso da rai.

Akwai wata cuta da ake kira zazzaɓin aku. Ƙwayar da ke haddasa ta takan zauna a jikin aku, ko tsirya, ko tattabara, tsuntsun yana harkarsa garau ba wata alama. Amma da zarar ya sha wahala, kamar ta tafiya da cunkoso da yunwa, sai ƙwayar ta motsa, ya shiga fitar da ita cikin kashinsa da majinarsa. Kashin ya bushe cikin kwali ya zama ƙura, wanda ya buɗe ya shaƙa. Bayan kwana 5 zuwa 14 sai zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari su taso, wani lokaci har ya kai ga ciwon huhu mai tsanani. Masu ciki da tsofaffi sun fi shiga haɗari.

Duniya ta san wannan cuta sosai ne a shekarun 1929 da 1930, sa'ad da aka yi ta jigilar aku daga Kudancin Amurka zuwa Turai da Amurka a cunkushe cikin jiragen ruwa. Mutum wajen 800 suka kamu a ƙasashe da dama, fiye da ɗari suka rasu. Har ma'aikatan ɗakin binciken gwamnati a Washington da ke nazarin cutar sai da ta kwantar da su. A watan Janairu na 1930 Shugaba Hoover ya hana shigar da aku Amurka. Yau akwai maganinta, kuma tana warkewa in an gane ta da wuri. Matsalar ita ce tana kama da zazzaɓin cizon sauro ko mura, don haka sai a yi ta shan maganin da ba nata ba.

Kaji ma ba su tsira ba. A 1971 wasu aku da aka shigo da su daga Kudancin Amurka suka kai mugun nau'in cutar Niyukasul kudancin jihar Kalifoniya. Kafin a shawo kanta sai da aka hallaka tsuntsaye kusan miliyan 12, yawancinsu kajin ƙwai, aka kashe dala miliyan 56. Manoman ƙasar nan ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan irin wannan masifa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, kuma kafin ta lafa an yi hasarar kaji fiye da miliyan ɗaya. Tsuntsu ɗaya da ya tsallake binciken likitan dabbobi cikin kwali ya isa ya kai cuta garin da ba ta taɓa zuwa ba.

Abin Da Doka Ta Ce

Nijeriya tana cikin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1874. Yarjejeniyar ƙungiyar ta hana sa dabba mai rai cikin wasiƙun da ke ƙetare iyakar ƙasa, in ban da ƙudan zuma, da matsattsaku, da tsutsar siliki, da wasu ƙwari da cibiyoyin bincike ke musaya tsakaninsu. Babu tsuntsu a ciki. Saboda haka duk wanda ya ce zai aiko da aku ko kanari daga waje ta gidan waya, ko dai mai fasa-ƙwauri ne, ko kuwa macuci ne da ba shi da tsuntsun ma sam, hoton wani ya ɗauko.

Game da aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda aka fi sani a gidajen ƙasar nan, maganar ta fi haka nauyi. Yawan kama shi daga dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango ya sa ya yi ƙaranci ƙwarai. A taron ƙasashen yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016, an mai da shi cikin jerin farko na halittun da ake tsoron ƙarewarsu, daga watan Janairu na 2017 kuma aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A cikin gida akwai Doka mai lamba 11 ta 1985 game da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka ƙara wa tsananin hukunci a 2016.

In Tafiya Ta Zama Dole

Hanyar da ta fi dacewa ita ce mai tsuntsu ya ɗauki abinsa da kansa, ko ya ba wani amintacce wanda zai zauna da shi a mota. A sa shi cikin ƙaramin keji mai ƙarfi, da sanda ɗaya a ƙasa-ƙasa, a lulluɓe gefe uku da ƙyalle marar kauri. Maimakon kwanon ruwa da zai zube, a sa yankan lemo ko kankana. A tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi, kada kuma a bar kejin cikin rufaffiyar mota ko na minti kaɗan.

In zuwa wata ƙasa ce, jirgin sama ne hanya, bisa ƙa'idojin ɗaukar dabbobi masu rai da kamfanonin jiragen sama ke bi. Ana bukatar takardar lafiya daga likitan dabbobi, da izinin Hukumar Killace Amfanin Gona da Dabbobi ta Ƙasa, da kuma takardar CITES daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya in tsuntsun yana cikin waɗanda aka kare. Takardun suna cin lokaci, don haka a fara nema tun da sauran makonni.

Kowane sabon tsuntsu, ta ko wace hanya ya zo, a ware shi nesa da kaji da sauran tsuntsayen gida har kwana 30. A yayyafa ruwa a kan kashinsa kafin a share don kada ƙura ta tashi, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. In ya mutu, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa kafin a binne shi, kada a jefa wa kare ko kyanwa. Wanda kuma zazzaɓi da tari suka kama cikin mako biyu da zuwan sabon tsuntsu gidansa, ya je asibiti, ya gaya wa likita cewa yana kiwon tsuntsu, ya faɗi ranar da ya iso.