Jiran a kira sunanka ba sana'a ba ne

Tambaya guda ce ke ta dawo mini daga Ƙonni da Malbaza da Illela, har na haddace ta: "Malam, yaushe za a fara rubuta sunaye?" Mai tambayar yawanci saurayi ne lafiyayye. Wani ya yi lakwal har ya samu takarda, wani ya dawo daga bida a Abijan ko Libiya da ɗan abin da ya rage masa a aljihu. In na ce sunayen me, sai ya ce ai an ce wani poroje zai zo ya horar da matasa ya raba jari. Wa ya ce? An dai ce. Yanzu kuma an ƙaro wata a kai: wai akwai horon "gina kai" da ake yi ta waya, ka biya kuɗin shiga, a sa ka cikin rukunin WhatsApp, ka kawo mutum uku, kafin shekara ta zagayo kana tuƙa motarka.

Bari in fara da wannan ta biyun, don ita ce mai cin dukiya. Duk horon da ribarka a cikinsa ta rataya ga kawo wasu mutane su biya, tarko ne. Ba ruwana da kyan kwat ɗin mai magana, ko hoton da ya ɗauka a gaban jirgin sama, ko ayar da ya buɗe taro da ita. Tambaye shi abu ɗaya: me ake sayarwa, kuma wane ne zai saya in ba ɗan rukunin ba? In ya soma kewaye-kewaye, tashi ka kama gabanka. Na ga wanda ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi ya biya kuɗin shiga. Na ga wanda ya karɓi kuɗin adashen mahaifiyarsa. Asarar kuɗin ma da sauƙi a kan abin da ke biyo baya, domin mutum ukun da za ka kawo ba baƙi ba ne: ƙanenka ne, da abokin fadarku, da ɗan maƙwabcinku. Ranar da abin ya rushe, kai za su zo wa ƙofar gida, kuma a garin da kowa ya san kakan kowa, wannan tabon yana daɗewa bai goge ba. Kada ka sayar da abin da ke ba ka abinci don sayen alkawari. Kada ka ci bashi dominsa. Ko da wanda ya gayyace ka yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ka ce masa a'a, ka kuma ja shi gefe ka faɗa masa dalili.

Ta farkon kuwa, wato cewa ba a motsi sai an samu jari daga sama, ta fi wuyar cirewa, don akwai gaskiya a jikinta. Jari yana da amfani, kuma mutanen wannan yanki sun sha wuya ba da laifinsu ba. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba a sake buɗe ƙofar Illelar Sakkwato ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Wanda duk abincinsa ke tsakanin Ƙonni da tsallaken iyaka, sau biyu yana wayar gari ya ga an yanke masa hanya. Mutumin da aka yi wa haka yakan koyi cewa shiri ba shi da amfani, sai ya zauna. Na fahimci inda ciwon ya samo asali. Amma zaman ba ya warkar da shi.

Ga abin da aka gwada aka gani. A Lome, babban birnin Togo, masu bincike tare da Bankin Duniya sun raba ƙananan ƴan kasuwa 1,500 gida uku. Kashi ɗaya aka koya musu lissafi da dabarun kasuwanci irin na kullum. Kashi na biyu aka horar da su a kan hali: fara abu ba tare da an ce ka fara ba, hangen matsala tun ba ta iso ba, da sake gwadawa bayan an faɗi. Na uku ba a yi musu komai ba. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ribar kashi na biyu ta ƙaru da kimanin 30 cikin ɗari a shekara biyu, alhali ƙaruwar masu darasin lissafi ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Kuma wannan hali abu ne da mutum zai iya horar da kansa a kai, da littafin rubutu na ɗan lakwal da biro.

Dubi manomin albasa a Galmi ko Tsarnawa. Kowa ya san farashi yana faɗuwa warwas lokacin da kowa ya cire tasa, ya kuma tashi bayan watanni. Kowa ya san rudu, rumbun ajiyar albasa. To me ya sa wani ke ajiyewa ya ci riba, wani kuma ya buɗe rudunsa ya tarar da ruɓa da wari? Domin shawarar ajiya tun a gona ake yanke ta. Wanda ya yi niyyar ajiyewa ba ya cika wa albasa takin ure, yana ɗauke ruwa kwanaki kafin cirewa, yana barin wuyanta ya bushe sosai, yana ware mai rauni. Bayan ya zuba a rudu yana leƙawa a kai a kai, ya sa hannu ya taɓa, ya fitar da wadda ta yi laushi tun ba ta shafi ƴan uwanta ba. Babu wanda ya aiko masa da takardar umarni. Watanni kafin ranar kasuwa ya zauna ya tambayi kansa abin da zai faru, ya yi aiki da amsar.

Haka za ka yi da kanka. Zaɓi abu ɗaya tak da ke hannunka, ba wanda ke hannun gwamnati ko hannun kawunka na Yamai ba. Kada ka rubuta "zan nemi sana'a", wannan buri ne, kuma buri ba shi da rana. Rubuta: "Ranar Litinin bayan sallar asuba zan je wurin mai walda na bakin tasha in roƙe shi ya bar ni in riƙa kama masa aiki." Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya daɗe da nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika a kan wadda aka bari sake. A ƙarƙashinta rubuta abin da zai iya hana ka, da abin da za ka yi in ya faru: in ya ce ba gurbi, zan tambaye shi wa ya sani mai neman yaro, in wuce can a ranar. Sannan ka ware lokaci guda a mako, ko bayan sallar Juma'a, ka buɗe littafin ka yi wa kanka hisabi: me na ce zan yi, me na yi, me ya hana. Amsa ta ukun ita ce mai wuya, don a nan mutum ke yi wa kansa ƙarya. In mako uku a jere dalilin guda ne, to matsalarka ke nan, ita za ka sa a gaba.

Kuma don Allah a daina shelar niyya a fada. Shayi zagaye uku, kowa ya faɗi kasuwancin da zai buɗe, a yaba masa, a watse, gobe a sake. Yabon yana ƙosar da mutum kamar ya riga ya yi aikin. Mutum ɗaya ya isa ya san shirinka, wanda kake jin kunyarsa, wanda zai iya tare ka a hanya ya ce: "Kai, ina maganarmu ta kwana?"

Masu shirya horo na gaskiya ma suna da nasu kason laifin. Shekara da shekaru ana tara matasa a zaure, a ba su kuɗin zama da lemo, a ɗauki hoto, a raba takardar shaida, ba mai komowa bayan wata uku ya ga ko wani ya kama wani abu. Da haka aka koya wa yara cewa halartar taro ita ce aikin. In ka ji FAFPA, asusun tallafa wa horon sana'a, ko cibiyar koyon sana'a ta garinku ta buɗe wani horo, je ka da ƙafarka ka tambaya a ofis, kada ka dogara da "an ce". Ka tafi da littafinka a hannu, don wanda ya riga ya yi wata biyu yana riƙe wa mai walda ƙarfe ya san abin da zai tambayi malami, ya kuma san injin da yake bukata da kuɗinsa.