Darasi na 9: Damfara, cin amana da jabu: me doka ke tambaya?

'Yan uwana mata, duk inda na zauna da ƙungiyar adashi, daga Tozai zuwa Isa har Sabon Birni, in kuɗi suka salwanta kalma ɗaya nake ji: "An cuce mu." To, alƙali ba ya yanke hukunci da wannan kalma. Tambayoyi yake yi, kuma yau su nake so mu koya, don mu san shaidar da za mu tanada tun kafin a shiga rigima.

Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ake kira Final Kod, ta fara aiki a 1960. Jihar Sakkwato ta sabunta tata a 2019, lambobin sassan sun sauya, amma laifuffukan suna nan. Lambobin da zan ambata na tsohon kundin ne.

1. Damfara: ƙarya ce ta fitar da kuɗin

Sashe na 320 ya bayyana ta, na 322 ya ce ɗauri na iya kai shekara 3. Abu huɗu ake nema:

- Mutum ya faɗi ƙarya, ko ya ɓoye gaskiya da gangan.
- Ya san ƙarya ce lokacin da yake faɗa, kuma nufinsa cuta.
- Kin yarda da maganar.
- Saboda yardar nan kika ba da kuɗi ko kaya.

Misali, wani ya zo da takardu ya ce shi wakilin masu rabon tallafi ne ga waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu, kowace mace ta kawo naira 2,000 kuɗin fom. Babu tallafin, kuma ya sani. Kun ga duka huɗun sun cika.

Amma ku lura fa, bashi daban, damfara daban. 'Yar ƙungiya ta ci rance don ta sari albasa, albasa ta ruɓe, ta kasa biya. Wannan bashi ne, sai a bi ta da sulhu ko ƙarar neman hakki. In kuwa tun ranar da ta karɓa ba ta da niyyar biya, ta ƙirƙiri sana'ar da babu ita, to ta shiga damfara. Niyyar ranar karɓa ita ce ma'auni.

Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan karɓar dukiya da ƙarya, abin da mutane ke kira 419. Hukuncinta ɗaurin shekara 7 zuwa 20, babu zaɓin tara. Hukumar EFCC na gurfanar da mutane da ita, kuma tana da ofishi a Sakkwato. Masu cewa "kawo kuɗinki su haihu" ma ku kiyaye su. MMM ta yi wa 'yan Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata, sai ga shi a Disamba 2016 ta tsayar da biya. Da kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi, ranar da sababbi suka daina zuwa asiri ya tonu.

2. Cin amana: da hannunmu muka ba ta

Nan ba a yi mana ƙarya da farko ba. Mu muka zaɓi ma'aji, mu muka damƙa mata akwati. Sashe na 311 da 312 ke magana a kai, ɗauri na iya kai shekara 7. Ana neman abu uku: an ba ta amanar dukiyar, ta juya ta zuwa amfanin kanta ko ta saɓa sharaɗin ajiyar, kuma da rashin gaskiya ta yi.

Na sha jin ana cewa, "Ai aro ta yi don bikin ɗiyarta, za ta maido." Aron da ƙungiya ba ta sani ba, ba ta amince ba, ba aro ba ne. Amma wadda ɓarayi suka ƙwace wa akwati da ƙarfi, ba ta ci amana ba. Shi ya sa muke dagewa kan makulli uku a hannun mata uku, da ƙirga kuɗi a bainar jama'a kowane zama. Wannan kariya ce ga ma'ajin kanta.

3. Jabu: takarda ce ke ƙarya

Sashe na 362 zuwa 364 suka yi bayani, ɗauri na iya kai shekara 14. Kun ji ya fi sauran nauyi, domin takarda ɗaya na iya cutar da mutane da yawa. Abu biyu ake dubawa: an ƙirƙiri takarda ko an sauya ta ba da izini ba, kuma an yi haka don a cuci wani. Ga yadda take shigowa cikinmu:

- Dangwala yatsa a gurbin wata, a ce ita ta karɓi rance.
- Mayar da 5,000 ta koma 50,000 a littafi.
- Buga hatimin zubi ga wadda ba ta zuba ba.
- Kawo rasit na ƙarya.

Wadda ta yi amfani da takardar jabu tana sane, ko ba ita ta rubuta ba, sashe na 366 ya hau kanta. Kuskuren lissafi kuwa ba jabu ba ne. In sakatariya ta yi kuskure, ta ja layi ɗaya a kai a gaban kowa, mata biyu su dangwala. Kada a goge, kada a yage shafi.

In abu ya faru

A shari'ar laifi, mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujjar da ba ta bar shakka. Don haka:

1. Ku adana littafi, rasit, saƙon waya da lambar da aka tura wa kuɗi.
2. Ku rubuta rana, wuri, da waɗanda suka ji abin da aka faɗa.
3. In ta banki ko POS kuɗin suka bi, a sanar da banki ranar nan.
4. Ku kai rahoto ga 'yan sanda. Kada ku kama kayan kowa da kanku.

Kuma kada kunya ta rufe bakin kowa. Ɗan damfara da kunyarki yake cin abinci, in kin yi shiru gobe maƙwabciyarki zai tarar.

Tambayoyin tattaunawa

1. Mai sayen gero ya nuna saƙon "kuɗi sun shiga", ashe shi ya haɗa saƙon. Wane laifi ne, kuma wace shaida za ki riƙe?
2. Mijin 'yar ƙungiya ya dangwala a madadinta ba da saninta ba. Wa ake bi bashin?
3. Yaushe muka ƙirga kuɗin akwatinmu a gaban kowa?