Yadda Baƙo Daga Ƙasar Rano Zai Zagaya Garin Badagry

Badagry ƙaramin gari ne a gaɓar tekun Atlantika, can yammacin Jihar Legas, kimanin kilomita 60 daga tsakiyar birnin Legas, kilomita 20 kuma daga kan iyakar Seme da ta raba Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Abubuwa uku ne suka fi kai mutanen ƙasar Kano wurin: ma'aikatan gwamnati masu zuwa kwas a kwalejin ASCON da ke Topo, da ɗaliban Faransanci da jami'o'i ke turawa ƙauyen koyon harshen da ke Ajara, sai fatake masu wucewa Kwatano. Hanyar ma tsohuwa ce. Daga Badagry Baturen nan Clapperton ya taso a watan Disamba na 1825, bai iso Kano ba sai a tsakiyar 1826. Yau mutumin Kahu ta ƙasar Rano kan yi wannan tafiya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Matakin farko shi ne isa garin da sauran rana. Matafiyi zai fito daga Kahu ko Kibiya zuwa Rano, ya bi ta Bunkure ya shiga Kano, inda manyan motocin Legas ke tashi. Tafiyar ta kusan kilomita 1,000 ce. A Legas sai ya nemi tashar Mile 2, nan ne ake samun ƙananan motocin haya masu bin babban titin Badagry ta Okokomaiko da Agbara. Titin na da cunkoso, daga Agbara kuma shingayen kwastan da na jami'an shige da fice sun yawaita saboda kusancin iyaka. Bahaushe kan sha tambaya a nan ko shi ɗan Nijeriya ne, don haka katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba. Ya fi kyau a bar Mile 2 da hantsi. Wanda ya iso Legas bayan la'asar gara ya kwana wurin 'yan'uwa, ya kama hanya da safe.

Mataki na biyu shi ne fahimtar shimfiɗar garin, domin wanda ya gane ta da wuya ya ɓata. Daga arewa akwai babban titin da ya wuce Seme, da shataletalen da motoci ke sauke fasinja. Daga shataletalen titin Joseph Dosu ya gangara cikin gari. A kudancin gari akwai titin Marina, wanda ya bi bakin wani faffaɗan ruwa mai kwanciya. Wannan ruwa ba shi ne teku ba, kuma a nan baƙi da yawa ke ruɗewa. Bayansa akwai siririn tsibiri mai yashi da itatuwan kwakwa, ana kiransa Gberefu, sai an ratsa shi ake isa teku. Duk wanda ya tsaya a Marina ya fuskanci ruwa, to gabas na hannunsa na hagu. Wannan kan taimaka wurin neman alƙibla idan salla ta riski mutum nesa da masallaci.

Na uku, abin hawa. A cikin gari akwai acaɓa, wanda mutanen wurin ke kira okada, da A Daidaita Sahu, wanda suke kira Maruwa. A gama ciniki kafin a hau, a kuma tanadi ƙananan kuɗi, don rigimar canji ta fi kowace yawa. Dokar Jihar Legas ta hana acaɓa hawa manyan tituna, saboda haka mai zuwa wajen gari ta babban titi ya nemi mota. Harshen 'yan gari Egun ne, ana kuma jin Yarabanci da Turancin buroka ko'ina. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya nufi kasuwar Agbalata, babbar kasuwar garin, ya nemi masu albasa da tattasai ko mahauta, zai sami mai yi masa tafinta. Gaisuwa kafin tambaya tana buɗe ƙofa a nan kamar yadda take buɗewa a gida.

Na huɗu, tsohon garin da ƙafa ya kamata a zaga shi, domin wuraren tarihin duk suna kan Marina ko kusa da ita. Akwai gidan tarihin da ke cikin tsohon ofishin Di'o, ginin 1863. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake cewa shi ne bene na farko irin na Turawa a Nijeriya. Akwai gidan tarihin zuriyar Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da marin da ake sa wa bayi. Wurin da ya fi cancanta a daɗe a cikinsa shi ne gidan Seriki Williams Abass, Musulmin attajirin da ya rasu a 1919, wanda shi kansa bawa ne tun farko kafin ya koma fataucin bayi. A gidan akwai ƙananan ɗakunan da ake tsare mutane kafin jirgin Brazil ya iso. Ɗan arewa ya dubi ɗakunan nan da natsuwa, domin cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa akwai Hausawa da Nufawa da Barebari, kuma Musulmin da suka yi bore a Bahia ta Brazil a 1835 daga irin waɗannan gaɓoɓi aka kwashe su. Kowane gida da kuɗin shigarsa. A tambayi kuɗin da ladan mai rakiya tun a ƙofa, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, musamman kusa da fadar Akran, sarkin garin, da wuraren bautar gargajiya.

Mataki na biyar shi ne tsallaka ruwa zuwa Gberefu, kuma shi ya fi bukatar hankali. Ana hawa kwalekwale mai inji daga Marina, tsallakawar ta 'yan mintuna ce. Kada a shiga sai an karɓi rigar ruwa an ɗaure ta sosai, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar ta wajabta hakan. Idan kwalekwale ya cika maƙil a jira na gaba. A zauna inda matuƙi ya nuna, ba a miƙewa tsaye sai an daki gaɓa. Babbar riga da malum-malum ba kayan wannan tafiya ba ne, gajerar taguwa da silifa sun fi. Waya da takardu a ƙulle su cikin leda. A yi yarjejeniya da matuƙi kan lokacin dawowa, a ajiye rabin kuɗinsa sai an dawo.

Daga inda aka sauka akwai tafiyar ƙafa ta kusan rabin awa cikin yashi, a kan turbar da bayi suka bi, har wurin da ake kira inda ba a dawowa. A riƙe ruwan sha, don ba inuwa sosai. A bakin teku a tsaya kan busasshen yashi. Wanda ya saba iyo a madatsar Tiga kada ya auna teku da ita: igiyar ruwan wannan gaɓa na dukan mutum ta faɗar da shi, sannan ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Yara a riƙe hannunsu. A juyo tun rana ba ta yi ja ba, domin an hana zirga-zirgar kwalekwalen fasinja da dare.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Damina a nan na sauka tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanya ta fi daɗi. Sauro kuwa ba shi da rani, sai a taho da gidan sauro.

Mai niyyar zarcewa Kwatano zai hau motar Seme a shataletale. Katin ɗan ƙasa bai isa tsallaka iyaka ba. Ana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, kuma kuɗin da ake kashewa a can sefa ne.